Daga Edale zuwa Hope ta Kan Mam Tor: Yadda Ake Jan Ayarin Masu Tattaki a Tuddan Ingila Tsakanin Maris da Mayu

Ga ƙungiyar ɗalibai ko ta mazauna da ke Manchester ko Sheffield, idan hunturu ya ja baya aka fara maganar fita bayan gari a miƙe ƙafa, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan dacewa da sababbin shiga. Jirgin ƙasa zai sauke ku a ƙauyen Edale, ku hau tudun Mam Tor, ku bi doron tuddai har Lose Hill, ku gangara ƙauyen Castleton, sannan ku bi bakin rafi zuwa Hope inda wani jirgin zai kwashe ku. Tsawonta kilomita 12 zuwa 13 ne, hawan da ke cikinta gaba ɗaya kimanin mita 450. Duk wannan yana cikin Peak District, gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe a 1951.

Tuddan ba su da tsayin da zai firgita kowa. Mam Tor mita 517 ne, Lose Hill 476. Abin da ke wahalar da mutane a nan ba tsayi ba ne, iska ce da jiƙewa da kuma rashin lissafin lokaci. Shirin duka a kan waɗannan uku zai tsaya.

Zaɓen rana

Daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ne lokacin da ya fi daɗi. Taɓon hunturu ya fara bushewa, 'yan tumaki sun cika gonaki, rana kuma ta yi tsawo. A Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, daga nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 7:30 na yamma, a ƙarshen Afrilu kuwa sai wajen 8:30. Wanda ya sa ranar kafin canjin agogo ya rage wa kansa awa guda ta haske.

A guji hutun Ista da Litinin ta farko da ta ƙarshe a watan Mayu, domin ranakun hutu ne a ƙasar, doron Mam Tor kan cika har a riƙa bin layi a ƙofofi. Ranar 29 ga Mayu ma Castleton na da bikin gargajiyarta na shekara-shekara, ƙauyen kan cushe da yamma. Asabar ta fi Lahadi, saboda ranar Lahadi aka fi yin gyaran layin dogo, a maye gurbin jirgi da bas, lissafin komawa gida ya rikice.

A sa rana biyu tun farko, ta ainihi da ta ko-ta-kwana, a gaya wa kowa. Hakan ke sa soke tafiya ya zo da sauƙi idan sama ta ɓaci. Madugun da bai tanadi rana ta biyu ba shi ne ke tilasta wa mutane hawa tudu cikin ruwa don kada tikiti ya tafi a banza.

Jirgi da tikiti

Jiragen kamfanin Northern ne ke tsayawa a ƙananan tashoshin wannan kwari, kusan ɗaya a kowace awa. Daga tashar Manchester Piccadilly zuwa Edale kimanin minti 45 ne, daga Sheffield minti 30 da ɗoriya. Jiragen da ke gudu kai tsaye tsakanin biranen biyu suna bi ta layin amma ba sa tsayawa, don haka a duba allon tasha a tabbatar sunan Edale yana cikin jerin wuraren tsayawa kafin a shiga.

Tunda a tasha ɗaya za a sauka, a wata kuma a hau, a yanki tikitin zuwa da dawowa na tashar da ta fi nisa. Masu fitowa daga Manchester su yanka zuwa Hope, su sauka a Edale da ke gabanta. Masu fitowa daga Sheffield su yanka zuwa Edale, su hau a Hope wajen komawa. Tikitin yini na lokacin da ba cunkoso yakan ba da damar haka, amma mai rahusar nan da aka ɗaure da jirgi ɗaya ba ya bayarwa, don haka a tambayi mai sayarwa. Wajen saye ta waya a lura akwai wata Hope a yankin Wales, taku ita ce ta Derbyshire. Ɗalibi mai katin rangwamen jirgi na 'yan shekara 16 zuwa 25 ana rage masa kashi ɗaya cikin uku. Kowa ya riƙe tikitinsa kafin ya shiga, tarar rashin tikiti ta kai fam 100 ban da kuɗin tafiyar.

Mota ba ta dace da wannan hanya ba, tunda ba inda aka fara za a ƙare ba. Wurin ajiye motoci na kusa da Mam Tor kuwa kan cika tun da sassafe a ƙarshen mako.

Yawan mutane da rabon aiki

Mutum takwas zuwa sha biyu shi ne daidai. Idan an wuce sha biyar a raba ayarin biyu, kowanne da madugunsa. Dalilin lissafi ne kawai: gonakin yankin an kewaye su da katangun dutse, ana wuce su ta ƙaramar ƙofa ko matakalar katako ko wata 'yar kafa tsakanin duwatsu biyu da mutum ɗaya kaɗai ke iya ratsawa. Idan kowa ya ɗauki daƙiƙa 20, mutum sha biyar sun cinye minti biyar a katanga guda, kuma tsakanin Lose Hill da Hope irin waɗannan suna da yawa.

Madugu uban tafiya ne, shi ke gaba da taswira, ba mai wuce shi. Amma aikin da ya fi nasa nauyi na mai tsaron baya ne, wanda ba mai zama a bayansa. A ba wa mutum mai haƙuri da ƙarfin ƙafa, a hannunsa jakar magani za ta kasance, shi ne kuma zai tabbatar an mayar da kowace ƙofa yadda aka same ta. Su biyun su riƙe lambar juna da usur kowanne. A ƙirga mutane a tasha, a sake ƙirgawa a kan Mam Tor, da Hollins Cross, da Lose Hill, da lokacin barin Castleton. A Castleton aka fi ɓatar da mutum, ba a kan tudu ba, domin nan ne wani ke shigewa kanti ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Mako guda kafin tafiya madugu ya tambayi kowa a keɓe ko yana da asma, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa, ko juna biyu. Ba a yin wannan tambaya a zauren WhatsApp, ba wanda zai amsa gaskiya a gaban jama'a. A kuma bar wa wani da ke gida sunayen matafiya da hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa.

Lissafin lokaci

Akwai tsohuwar ƙa'idar masu hawan tsauni da wani mutumin Scotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Da wannan ma'auni hanyarmu awa uku da kwata ce. Sai dai lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Ayarin da ke da sababbi, ga ɗaukar hoto, ga salla, ga abinci, a ba shi awa bakwai zuwa bakwai da rabi. Tsari mai kyau shi ne a bar Edale ƙarfe 10, a kai saman Mam Tor 11:30, Hollins Cross 12:15, Lose Hill wajen 1:30, Castleton ƙarfe 3, a tashi daga can ƙarfe 4, a isa tashar Hope wajen 5:15. Madugu ya rubuta lokutan jirage uku na komawa a takarda, ba ɗaya ba.

Sutura da kayan jaka

A kwari rana na iya yin daɗi har mutum ya cire riga, amma zafi na raguwa da kusan maki ɗaya a duk hawan mita 150, iskar doro kuma ta ƙara zaftare wasu makin daga abin da jiki ke ji. A Afrilu ana iya ganin rana da ruwa da ƙanƙara cikin awa guda. Saboda haka sutura hawa uku ake yi: ta ciki marar riƙe gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska, mai hula. Auduga ce babbar matsala. Tana shan gumi wajen hawa, ta ƙi bushewa, da an tsaya a iska sai ta koma kamar an jiƙa ta da ruwan sanyi. Wandon jins ma haka yake, ga nauyi idan ya jiƙe. Katuwar rigar sanyin nan ta cikin gari ba ta maye gurbin hawa ukun, domin ko dai ka dafu a cikinta wajen hawa, ko ka cire ta ka daskare. A fara tafiya da ɗan jin sanyi, minti goma na hawa zai ɗumama jiki.

Takalmi ya kasance mai ƙasan roba mai zurfin zane, wanda ya riga ya saba da ƙafa. Sabon takalmi ranar tafiya bororo ne kawai. A sa safa mai kauri, a ajiye wata busasshiya a leda. Hular sanyi da safar hannu su shiga jaka ko da an wayi gari da rana. Lema ba ta da amfani a kan doro, iska za ta juye ta.

Mata masu abaya ko dogon siket su sa wando mai kauri a ciki, rigar sama kuma kada ta wuce tsakiyar ƙwauri, saboda tsallake matakala da taɓo. Dogon hijabi mai faɗi iska na cika shi tana fizgar mutum, yana kuma maƙalewa a ƙarfen ƙofa. Ƙarami da za a cusa gefensa cikin rigar ruwa ya fi.

A jakar baya kowa ya ɗauko ruwa lita ɗaya da rabi, da ƙarin rabin lita ga mai bukatar sabunta alwala, da fulas na shayi idan da hali. Abincin rana ya zama wanda ake ci da hannu ba sai an ɗumama ba, a haɗa da dabino, gyaɗa, ayaba ko dambun nama na ci a hanya. Daga barin Edale har Castleton ba kanti, ba famfo, ba makewayi. Akwai makewayin jama'a a wurin ajiye motoci kusa da tashar Edale, madugu ya sa kowa ya shiga kafin a tashi ko da ya ce ba ya ji.

Kayan ayari kuwa: taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, mai lamba OL1, wadda santimita 4 a kanta ke daidai da kilomita ɗaya, da kamfas, tocila biyu, batirin cajin waya, filasta na bororo, bandeji mai naɗewa biyu, hantsaki mai siririn baki, bargon leda mai ƙyalli na gaggawa, da ledar shara. Manhajar taswira a waya tana taimakawa idan an sauke taswirar tun a gida, amma sanyi na zuƙe batir, sabis kuma na ɗaukewa a wasu kwaruruka. Taswirar mota ta waya ba ta nuna yawancin hanyoyin ƙafa, kada a dogara da ita.

Daren jajiberi

A duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, na tsaunukan Peak District, ba na cikin gari ba. Abu biyu ake nema a ciki: gudun iska a saman tudu da kuma ko gajimare zai sauko ya rufe doro. Da mil ake ba da gudun iska. Ƙasa da mil 20 a awa ba damuwa. Wajen mil 30 tafiya na fara wuya, marasa nauyi na tangaɗi. Idan an ce bugawarta za ta kai mil 40, ko an ambaci tsawa, a bar doron. A ranar irin wannan a sauka a Hope a bi bakin rafi zuwa Castleton a dawo, an dai ga ƙauyuka. Ruwan yayyafi shi kaɗai ba ya hana tafiya.

Inda aka halatta a taka

Kusan duk ƙasar da za ku bi tana da mai ita, amma doka ta ba jama'a haƙƙin ratsawa ta wasu hanyoyi. Ba da sauƙi aka samu ba: a Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchester, suka hau Kinder Scout, tudun da ke fuskantarku a arewacin Edale, don nuna ƙin amincewa da hana su shiga, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 2000 aka yi dokar da ta buɗe irin waɗannan tuddai ga masu tafiya a ƙasa. A cikin gonaki dai har yau hanya kaɗai aka yarda ka bi. Kibiya rawaya na nufin hanyar ƙafa, shuɗiya na nufin dawaki da kekuna ma na bi. A gonar ciyawa a jeru ɗaya bayan ɗaya. Ba a hawa katangar dutse, domin ba siminti a cikinta, jera duwatsun kawai aka yi, ɗaya ya zame sauran su biyo. Ƙofar da aka samu a rufe a rufe ta, wadda aka samu a buɗe a bar ta, mai yiwuwa manomi ne ya buɗe don dabbobi su kai ga ruwa. Ba a hura wuta ko gashin nama, busasshiyar ciyawar hunturu na kamawa nan da nan a wannan lokaci. Ɓawon ayaba da na lemo ma shara ne, su koma jaka.

Daga tasha zuwa saman Mam Tor

Da fitowa daga tashar Edale a gangara zuwa titin da ya ratsa kwarin, a yi dama kaɗan, sannan a shiga siririn titin hagu mai zuwa gonar Hardenclough. Zai ƙetare kogin Noe ya fara hawa sannu a hankali. Ainihin ƙauyen Edale, inda doguwar hanyar Pennine Way mai mil 268 ta faro, yana arewa da tasha, ba ta nan za ku bi ba, sai in kun iso da wuri kuna son leƙawa. Dab da gidan gonar Greenlands hanya ta rabu: ta hagu ta nufi Hollins Cross kai tsaye, ta dama ta hau zuwa Mam Nick, wata tsaga da titin mota ya bi ta cikinta. Ta dama ce taku. Masu keke na gangarowa ta nan da gudu, a riƙe gefe ɗaya.

Wannan ne hawa mafi tsawo a yinin, sama da mita 200, kuma nan ayari ke tarwatsewa. Matasa su ruga gaba, su tsaya jira, da na baya sun iso suna haki sai su ce a tafi. Wanda ya fi kowa bukatar hutu shi ne bai samu ba. Maganinsa shi ne a sa mafi rauni daf da madugu tun daga ƙasa, a yi tafiyar da za a iya hira a cikinta, a kuma fara ƙirga minti uku na hutu daga lokacin da na ƙarshe ya iso. Bayan minti 15 na farko a tsaya kowa ya rage riga kafin gumi ya jiƙa shi. Wanda ya ji wani wuri a ƙafarsa na zafi ya faɗa nan take a manna filasta, kafin ya zama bororo.

A Mam Nick za ku taka titin mota na 'yan mitoci, ga kwana, a bi a jere. Daga nan matakalar dutse ce zuwa sama, minti goma zuwa sha biyar. Kafin a fara ta kowa ya mayar da rigar iska, domin a saman ba wurin fakewa. A can akwai ginshiƙin awon ƙasa a tsakiyar daɓen dutse, kuma idan aka lura za a ga sawun ganuwar mutanen da suka zauna a kan tudun shekaru kusan dubu uku da suka wuce. Gefen gabas gaɓa ce mai zaftarewa, kada mai neman hoto ya matsa bakinta. Zaftarewar nan ce ta yi ta karya babban titin da ke gindin tudun har hukuma ta haƙura da shi a 1979. Ana hango ragowarsa daga sama, kwalta ta kakkarye hawa-hawa. Minti goma ya isa a nan.

Hollins Cross, inda ake yanke shawara

Daga sama hanya ta bi doro kimanin kilomita ɗaya da ɗigo uku, an shimfiɗa mata falalen duwatsu, Edale a hagu, Castleton a dama. Duwatsun na da santsi idan sun jiƙe, a taƙaita taku. Hollins Cross shi ne wuri mafi ƙasa a doron, mahaɗar hanyoyi. Ta nan mutanen Edale ke ɗauko gawa zuwa maƙabartar Hope a zamanin da ba su da cocinsu.

A nan madugu zai dubi agogo, ya dubi sama, ya dubi fuskokin mutane. Idan an makara da fiye da minti 45, ko iska ta ƙaru, ko wani ya fara ɗingishi ko ya yi shiru ba kamar ɗazu ba, a gangara dama zuwa Castleton, kimanin kilomita biyu. Hagu kuma na mayar da ku Edale da tasharta a kusan wannan nisa. Kada a yi ƙuri'a, domin mai gajiya kunya za ta sa ya ce a ci gaba. Idan dole a rabu, masu sauka kada su gaza uku, ɗayansu da taswira, a kuma tsayar da wurin haɗuwa da lokaci.

Masu ci gaba suna da kusan kilomita biyu zuwa Lose Hill, a tsakani ga Back Tor. Hawansa gajere ne amma a miƙe, duwatsu sun zaizaye, gefen hagu kuma rami ne mai zurfi. A hau da tazara tsakanin mutane, a riƙe dama. Mai tsoron tsayi yana da wata hanya da ta kewaye ta ƙasa ta cikin 'yar kurmin da ke gefen kudu. Gindin itatuwan nan ko bayan wata katanga da ke kare iska ya fi saman tudu dacewa da cin abinci, a zauna a kan jaka ko leda, ba a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Minti 25 ya isa, fiye da haka jiki zai huce.

Bayan canjin agogo Azahar na shiga ne jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya, wato daidai wannan zango. Alƙibla daga yankin tana wajen digiri 118 a kamfas, gabas maso kudu. A fito da alwala daga gida idan za ta riƙe, a nemi wuri a gefen hanya ba a kanta ba, a duba kashin tumaki kafin a shimfiɗa rigar ruwa.

Gangara, tumaki da shanu

Saukowa daga Lose Hill ta fi hawanta haɗari. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma kan shayin Castleton, ciyawa kuma na da santsi, nan ake samun targaɗe. A ƙara ɗaure igiyar takalmi kafin a fara, a cire hannu daga aljihu. Wajen gonar Losehill hanyoyi sun rabu, wata ta nufi Hope kai tsaye, wata ta bi ta Spring House zuwa Castleton. Ayarin da lokaci ya ƙure masa ya ɗauki ta Hope, ya rage kusan kilomita uku.

Maris da Afrilu lokacin haihuwar tumaki ne. Ɗan tunkiyar da aka gani shi kaɗai ba ɓata ya yi ba, uwar na kusa, kada a ɗauka, kada a shiga tsakaninsu. Mai juna biyu ta nisanci tumakin da ke haihuwa da jariransu, akwai cututtukan da ke iya shafar cikin. Shanu masu maruƙa su ne abin kiyayewa na gaske. A kewaye su da tazara, a tafi a natse a dunƙule, ba gudu, ba ihu. Idan sun tare hanya a ja baya a nemi wata. Za ku kuma haɗu da masu karnuka da yawa. Doka ta ce a riƙe su da gajeriyar igiya a buɗaɗɗun tuddai daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa, amma ba kowa ke bi ba. A gargaɗi masu tsoron kare tun a tasha cewa tsayawa cik ya fi gudu, a roƙi mai shi ya kira abinsa.

Castleton da zangon ƙarshe

Castleton ƙaramin ƙauye ne na gidajen dutse, kufan ganuwar Peveril na leƙo shi daga kan tudu, kewaye da kogon dutse har huɗu da ake shiga da tikiti. A kantunansa ake sayar da kayan ado na Blue John, wani dutse mai ratsin shuɗi da rawaya da ake haƙowa a tudun da ke kusa. Shiga kogo na cin fiye da awa guda, ba zai shiga wannan tsari ba sai ga waɗanda suka sauko tun daga Hollins Cross. Akwai makewayi a cibiyar baƙi. Mai sayen soyayyen kifi da dankali ya tambayi irin man da aka soya da shi da kuma ko an sa giya a ƙullun, domin wasu wuraren na yin haka. A karkaɗe taɓon takalmi kafin shiga shagon shayi, kada kuma mutum sha biyu su tare ƙofar gidan wani suna hoto, mutane ne ke zaune a ciki.

Wanda ƙafarsa ta ƙare yana iya hawa bas mai lamba 272 da ke zuwa Sheffield ta Hope. Sauran su fita ta gabashin ƙauyen, su ɗauki hanyar ƙafa ta dama da ke bin rafin Peakshole Water, kimanin kilomita biyu da rabi a shimfiɗe, bututun masana'antar siminti na gabansu. Hanyar na ƙetare layin dogon masana'antar, a tsaya a duba, a wuce tare. Bayan ruwan sama nan ne taɓo ya fi yawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa isa cocin Hope isa tasha ne. Tashar na gaba da kusan kilomita ɗaya a bakin babban titi, a ware mata minti 20.

Idan abu ya faru

Targaɗe mai sauƙi a naɗe shi, a raba kayan jakar mutumin, a sauka ta hanya mafi kusa. Wanda ke kyarma, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe, sanyi ne ya shige shi: a kai shi inda ba iska, a canza masa jiƙaƙƙiyar riga, a naɗe shi da bargo, a ba shi shayi mai suga idan yana iya haɗiya. Idan hazo ya rufe doro a matso kusa da juna a tsaya kan hanyar da aka sani, kada a yanke ta gangare.

Idan mutum ba ya iya takawa, a kira 999, a ce "police", sannan a ce "mountain rescue". Za su nemi inda kuke, da yawanku, da abin da ya faru. Lambar wuri a taswira ita ce amsa mafi amfani: saman Mam Tor SK 127 836, Hollins Cross SK 136 845, Lose Hill SK 153 853. Masu ceton 'yan sa-kai ne da ke barin aikinsu su fito, isowarsu na iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, don haka sauran ayari su ƙara sutura tun kafin su fara jin sanyi. Inda sabis ya yi rauni saƙon tes na iya fita, amma sai an yi rajista tun a gida ta hanyar aika kalmar "register" zuwa 999. Alamar neman agaji da usur ita ce busa shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita.

Da an koma gida kowa ya duba jikinsa saboda kaska, musamman bayan gwiwa, ƙugu da hammata. Ta nan ƙarama ce ƙwarai, wani lokaci ba ta wuce ɗigon biro ba. A kama ta da hantsaki daf da fata a ja sama a hankali, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Idan cikin makonnin da suka biyo baya wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka zo, a ga likita a gaya masa an shiga daji, domin alamun cutar Lyme ke nan. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yana iya kama da wurin da aka buge.